Albashi mai tsoka ko kwanan gida: zaɓin da ke gaban sabbin direbobin manyan motoci

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta nufi Damagaram ya san yadda manyan motocin dakon kaya ke jeruwa a bakin hanya idan dare ya yi, a Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙwanni da Madawa da Maraɗi da Tasawa. Ƙarƙashin kowace mota akwai tabarma, da butar shayi bisa gawayi, da mutum biyu ko uku masu jiran gari ya waye. Babban cikinsu shi ne direba. Sauran yaran mota ne, waɗanda aka fi sani da apranti, kuma kowanensu yana ƙidayar kwanaki ne zuwa ranar da zai riƙe permi nasa na kansa, mai mota ya damƙa masa makulli.

Ranar takan zo bayan shekaru na wankin mota, da ɗaurin tamfol, da canjin taya cikin rana, da kwana bisa kaya ana gadi. Amma da zarar ta zo, sai saurayi ya tarar da tambayar da babu wanda ya koya masa amsarta. Masu motoci iri biyu ne ke neman direba. Na farko yana da tirela mai zuwa bakin teku, kuɗin da yake biya da auki, sai dai wanda ya hau ta ya san ranar tashi, bai san ranar dawowa ba. Na biyu motarsa ba ta wuce jiha ɗaya ko biyu, direbanta na kwana gida kusan kullum, amma abin da zai samu a ƙarshen wata da ƙyar yake kai iyali ga watan gaba. Mafi yawan sabbin direbobi kuwa suna cikin shekarun kafa gida ne: ko an sa ranar aure, ko amarya ba ta daɗe da tarewa ba, ko ga ɗan fari a goye.

Mai karatu kada ya ɗauka wannan magana ta direbobi ce su kaɗai. Ɗan kasuwar da kayansa ke cikin mota, da ma'aikacin gwamnatin da ke auna buhun shinkafa da albashinsa, duka suna rataye ne ga amsar da wannan saurayi zai bayar, da kuma ko zai daɗe a cikin sana'ar ko zai ajiye makulli bayan shekara ɗaya.

Ƙasar da ba ta da teku

Nijar ba ta da bakin teku, kuma ba ta da jirgin ƙasa mai ɗaukar kaya. Layin dogon da aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Dosso daga 2014 zuwa 2016 bai taɓa shiga aikin dako ba. Saboda haka shinkafa da sukari da mai da magani da ƙarfen gini, duka bisa taya suke shigowa, haka nan albasa da wake da aya da dabbobi bisa taya suke fita.

Nisan gida tsohon abu ne a wannan ƙasa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro kan yi watanni ba su ga iyali ba, haka ma ayarin raƙuman da ke zuwa Bilma ɗaukar gishiri. Amma madugu yana da lokacin tashi da lokacin dawowa, kuma gari duka ya san su. Da mota ta maye gurbin jaki da raƙumi, hanyar Kwatano ce ta zama babbar ƙofar ƙasa. Tun 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jirgin ƙasa da sufuri tsakanin Dahomey da Nijar, wadda daga baya aka sani da OCBN. Jirgi kan ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Parakou, tafiyar kilomita 438, daga nan motoci su karɓa su ƙetare gadar Malanville zuwa Gaya. Daga baya motoci suka koma ɗaukar kaya tun daga tashar jiragen ruwa. Tsakanin Kwatano da Yamai akwai fiye da kilomita 1,000, kuma direban Maraɗi ko na Damagaram ba ya ma buƙatar shiga Yamai: yana isowa Dosso sai ya karya gabas.

A kan wannan hanya aka gina al'adun sana'ar. Akwai rabon kaya bisa yarjejeniya, kashi biyu cikin uku na motocin ƙasar da ba ta da teku, kashi ɗaya na motocin ƙasar da ke da tashar. Akwai kuma bin layi, inda mota ke jiran zuwan nata lokacin kafin a ba ta lodi. Wannan tsari yana raba arziki tsakanin masu motoci manya da ƙanana, amma yana nufin mota takan yi kwanaki a tsaye, direbanta na zaune a gindinta, ba ya gida, ba ya kuma tafiya.

Hanyoyi uku, rayuwa uku

Aikin da ke gaban sabon direba ya kasu kashi uku. Na farko shi ne gajeren zango: ɗaukar yashi da tsakuwa a cikin gari, rarraba siminti daga Malbaza zuwa garuruwan kusa, kai kaya kasuwannin mako, ko ƙetarawa daga Maraɗi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Mai wannan aiki yakan ci tuwon dare a gidansa, ya ga yaransa kafin su tafi lekwal. Kuɗinsa ne mafi ƙanƙanta, kuma motocinsa ne suka fi tsufa.

Na biyu shi ne dogon zango na cikin ƙasa. Daga Yamai zuwa Maraɗi akwai wajen kilomita 660, zuwa Damagaram kuwa kusan 900. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a arewacin Damagaram a watan Nuwamba na 2011, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, motocin tankin mai suka ƙaru bisa wannan hanya. Akwai kuma hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 saboda yuraniyom, wadda lalacewarta a shekarun baya ta mayar da tafiyar yini ɗaya ta koma ta kwanaki. Direban wannan rukuni yakan yi mako ɗaya ko kwana goma a waje, ya dawo ya huta kwana biyu ko uku.

Na uku shi ne ƙetaren ƙasa: Lome, Tema, Abijan. Albasar Galmi takan kai har kasuwannin Kumasi da Akara, inda direba ke samun masauki da abinci da mai jin harshensa a zangon Hausawa. A nan kuɗi suke, a nan kuma ake yin watanni ba a ga ƙofar gida ba. Abin lura shi ne, wannan aiki na uku shi ya fi buɗe wa sabon direba ƙofa a lokacin da hanya ta yi wuya, domin tsofaffin direbobi da suka riga suka gina gida su ne ke fara neman a mayar da su kusa.

Yadda ake lissafin kuɗin direba

Kuɗin direban babbar mota ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai albashin wata, wanda galibi bai taka kara ya karya ba. Akwai kuɗin hanya da ake ba shi a kowace tafiya, daga ciki zai ci abinci, ya ciyar da yaran mota, ya sallami masu faci, ya kuma ratsa shingayen da kowa ya san abin da ke faruwa a wurinsu. Abin da ya rage shi ne ribarsa. Akwai kuma abin da ba a rubutawa: ɗan kayan da yakan ɗora na kansa, ko fasinjan da yakan ɗauka bisa kaya, ko ragowar gazuwal. Waɗannan su ne ke jawo rigima tsakanin direba da mai mota, su ne kuma ke kai wasu ga rasa aiki.

Muhimmin abin da sabon direba ya kamata ya gane shi ne, kuɗin hanya bisa tafiya ake biyansu, ba bisa kwana ba. Ko tafiyar ta ci kwana 20 ko ta ci 60, kuɗin ɗaya ne. Ga wani lissafi na misali kawai, don a ga yadda abin ke aiki. A ce mai tirela yana biyan jika 70 a wata, da jika 90 a kowace tafiya zuwa bakin teku da dawowa, direba kuma yana kashe jika 2 a kowace rana bisa hanya. Idan tafiyar ta ɗauki kwana 20 ya huta kwana 10 a gida, ya samu jika 160, ya kashe 40, ya kawo gida jika 120. Idan kuwa tafiyar nan ta ɗauki kwana 60, ya samu albashin wata biyu jika 140 da kuɗin hanya jika 90, jimla 230, ya kashe 120, saura 110. Wato jika 55 ke nan a wata, kuma bai kwana gida ko sau ɗaya ba.

A ce kuma abokinsa mai gajeren zango yana karɓar jika 65 a wata, da jika 1 a kowace ranar aiki, kwana 24, jimla jika 89. Yana cin abincin rana na dala 100 a waje, wato jika 12 a wata, saura jika 77. Idan hanya ta yi kyau, mai tirela ya fi shi da jika 43. Idan hanya ta cije, shi ne ya fi mai tirela da jika 22, ga shi kuma kowane dare yana ɗakinsa. Ashe tambayar da ta kamaci sabon direba ita ce kwana nawa tafiya ke ci a wannan shekara, kafin ya tambayi nawa ake biya.

Abin da ya sauya tun 2023

Masu motocin Maraɗi sun ɗanɗani rufe iyaka lokacin da Najeriya ta rufe nata daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. Amma abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya fi wancan nauyi. A ranar 30 ga Yuli ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar Malanville, motoci suka jeru kilomitoci a ɓangaren Benin, kayan abinci suka lalace, direbobi suka yi makonni suna kwana ƙarƙashin motocinsu. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris na wannan shekara, amma mahukuntan Nijar suka bar tasu iyakar da Benin a rufe a tsawon 2024 da 2025, bisa dalilan tsaro.

Sai kaya suka koma tashar Lome, suna ratsa Togo da Burkina Faso, ta Kaya da Dori zuwa Tera, kafin su shigo Yamai. Hanyar ta ƙara tsawo da ɗaruruwan kilomitoci, kuma ta ratsa yankin da ƴan bindiga ke kai hari. Saboda haka motoci suka koma tafiya cikin ayari na ɗaruruwa tare da rakiyar sojoji, kuma ayari ba ya tashi sai ranar da masu rakiya suka shirya. Direba yakan yi makonni a Kaya ko a Tera yana jira. An kai wa ayari hari ba sau ɗaya ba, an ƙona motoci, an rasa rayuka. A watan Janairu na 2025 aka sace direbobi huɗu ƴan Maroko tsakanin Dori da Tera, ba a sako su ba sai a watan Agusta na wannan shekara.

Direban Maraɗi da na Damagaram su suka fi jin jiki, domin bayan sun iso Yamai akwai sauran kilomita 660 ko 900 a gabansu. A cikin irin wannan hali, zaɓin sabon direba ya wuce maganar kuɗi da kewar gida. Yana auna ransa ne, kuma iyalinsa ma suna aunawa a duk lokacin da wayarsa ta ƙi shiga.

Abin da gida ke biya

Idan magidanci ya yi wata biyu a waje, akwai kuɗin da ake kashewa wanda ba ya shiga lissafin kowa. Yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro cikin damina, uwa ce za ta nemi mai kai ta asibiti da tsakar dare. Mace ta haihu, a yi suna ranar bakwai uba na Dori. Tsoho ya rasu, a binne shi, a yi kwana uku da bakwai, ɗansa ya zo gaisuwa kamar baƙo. Gonar gado da ke buƙatar hannu daga Yuni zuwa Satumba sai dai a biya ƴan ƙwadago, ko a bar ta ga ƙane. Sallah ƙarama da babba kan wuce direba yana bakin shinge. Malamai kan tunatar cewa ciyarwa ba ita kaɗai ce haƙƙin mace bisa mijinta ba, kuma alƙalai da masu unguwanni sun san yawan ƙarar da ke zuwa musu daga gidajen da mai gida ya zama baƙo.

Gaskiya ne wayar salula da kamfanonin aika kuɗi irin su NITA da Al Izza da Amana sun sauƙaƙa abin da direbobin shekarun 1980 suka sha, lokacin da sai an sami mai zuwa gida a ba shi saƙo. Yanzu kuɗin cefane kan iso a yini ɗaya. Amma tarbiyyar yaro ba ta biyo waya, kuma amaryar da aka bari a gidan surukai wata uku bayan biki tana da abin da za ta faɗa.

Shi kansa direba jikinsa na biya. Ciwon baya da ciwon ido da hawan jini abokan sana'ar ne. Wanda ake biya bisa tafiya yakan ga barci a matsayin asara, sai ya nemi taimakon baƙin shayi da goro, wasu har su kai ga tramol, ƙarshen abin kuwa a ramin bakin hanya ake ganinsa. Ba banza ba ne kuma masu yaƙi da cutar sida suka mayar da hankali ga tashoshin manyan motoci tun shekarun 1990: doguwar rabuwa da iyali tana da nata haɗari, wanda kan biyo mutum har ɗakinsa.

Sai dai a yi adalci, mai kwanan gida ma yana biyan nasa. Zama kusa da iyali da aljihu wayam ba kwanciyar hankali ba ne. Saurayin da ke son sayen fili, ko biyan kuɗin aure, ko wata rana ya mallaki motar kansa, da wuya ya tara wannan daga dakon yashi. Da yawa daga cikin manyan masu motocin Maraɗi da Ƙwanni da Damagaram daga kujerar direba suka fara, kuma doguwar hanya ce ta ba su jari da sanin mutane.

Abin da doka ta tanada

Kundin dokokin aiki na ƙasa, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ya ajiye awa 40 a mako a matsayin ƙa'idar aiki, da hutun mako na aƙalla awa 24 a jere, da hutun shekara mai albashi na kwana biyu da rabi ga kowane watan aiki, wato wata guda a shekara. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun farkon 2024. Wajibi ne kuma mai ɗaukar ma'aikaci ya yi masa rajista a asusun CNSS, wanda ke biyan kuɗin iyali, da diyyar haɗari a bakin aiki, da fansho.

Direban da ke aiki a kamfani mai ofis da takardu yakan ga wani abu daga cikin waɗannan. Amma mafi yawan manyan motocin ƙasar nan na ɗaiɗaikun ƴan kasuwa ne, mai mota ɗaya, mai uku, mai goma, kuma ɗaukar direba a wurinsu magana ce ta baki, bisa amana da sanayya, sau da yawa ta hannun tsohon direban da ya koya wa yaron aiki. Amana abu ne mai daraja, ita ce ta riƙe kasuwancin ƙasar Hausa shekaru aru-aru. Matsalarta ita ce ranar da mota ta faɗi, ko aka yi wata uku babu lodi, ko mai motar ya rasu magada suka raba dukiya. A wannan rana direban da ba shi da takarda ko lambar CNSS zai je gaban sufeton aiki da bakinsa kawai.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Wannan ja-in-ja ba a nan kaɗai ake yinsa ba. A Amurka, inda ake biyan mafi yawan direbobin dogon zango bisa nisan da suka yi, sabon direba yakan fara ne da aikin da ke raba shi da gida makonni, yana jiran ya cika shekara ɗaya ko biyu ya nemi na kusa. Doka ta hana shi tuƙi fiye da awa 11 kafin ya huta awa 10. Duk da haka manyan kamfanonin dakon ƙasar sun shafe shekaru suna sauya direbobi da yawan da ya kai kusan kashi 90 cikin 100 a shekara, kuma rashin kwanan gida na cikin manyan dalilai.

A Tarayyar Turai ƙa'ida ita ce awa 9 na tuƙi a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, kuma akwai na'ura a cikin mota mai rubuta komai. Tun 2020 aka ƙara wajabta wa kamfani ya tsara aiki yadda direba zai iya komawa gida aƙalla sau ɗaya a kowane mako huɗu. Ba a ce a kwaso dokar Turai a ɗora bisa hanyar Tera ba. Darasin shi ne, ko a inda motoci suke sababbi hanyoyi kuma lafiyayyu, sai da hukuma ta sa hannu kafin komawa gida ya zama haƙƙi.

Ɓangaren mai mota da mai kaya

Mai mota ma yana da hujjarsa. Tun faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994 kayan gyara suka yi tsada, mafi yawan motoci kuma tsofaffi ake sayowa daga Turai. Motar da ke yin tafiya biyu a wata ta koma yin ɗaya a wata biyu, alhali inshora da haraji da bashin banki ba su jira. Ga dokar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 da ta iyakance nauyin da mota za ta ɗauka, wadda ke kare hanya amma take rage abin da tafiya guda ke kawowa. Idan ya ce ba zai iya biyan kwanakin jira ba, ba kullum ne ƙarya yake ba.

Amma ya kamata ya yi wani lissafin. Direban da ya bar aiki bayan wata shida ya tafi da sanin motar, da sanin hanya, da sanin jami'an duwan da dillalan tasha. Wanda zai maye gurbinsa sabo ne, kuma a hannun sabo ko gajiyayye ne giya ke lalacewa, taya ke fashewa, mota ke kifewa da kayan miliyoyi. Akwai hanyoyin da ba su fi ƙarfin mai motoci biyar ba: direba biyu su riƙa karɓeɓeniya bisa mota ɗaya, ko a haɗa wa kowane direba doguwar tafiya ɗaya da gajeru biyu, ko a yanka ɗan kuɗin jira na kowace rana idan tafiya ta wuce kwanakin da aka yi alkawari. Mai kaya kuma, wanda shi ne ke matsa wa mota ta iso kafin farashi ya faɗi, shi ne sau da yawa ke barin ta kwana huɗu a ƙofar sito ba a sauke ba. Kowane kwana a nan an cire shi ne daga kwanakin gidan direba.

Ma'aikatan gwamnati su ma da nasu kaso. Takardar da ta kwana bisa tebur a ofishin duwan, da shingen da ba shi da dalili, da sufeton aikin da bai taɓa leƙa tashar manyan motoci ba, duka suna ƙara tsawon tafiya fiye da yadda ramukan hanya ke yi.

Kafin a karɓi makulli

Tsofaffin direbobi kan shawarci na baya da su tambaya kafin su hau. Kwana nawa tafiyar ƙarshe ta wannan mota ta ci, daga tashi zuwa dawowa? Wannan tambaya ga direban da ya sauka ko ga yaran mota ake yin ta. Idan an tsaya jiran ayari ko lodi, wa ke ciyarwa? Idan mota ta lalace a daji, albashi na tafiya ko ya tsaya? Bayan an dawo, kwana nawa ne na hutu, kuma ana kiran mutum cikinsu ko a'a? Idan haihuwa ko rasuwa ta faru, akwai mai karɓar mota? An yi rajistar CNSS, kuma ina lambar? Idan an rasa rai bisa hanya, me iyali za su samu? Mai motar da ya fusata da waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa.

Sannan a yi shawara da gida tun kafin a amsa. Wanda ya zaɓi doguwar hanya ya sa mata wa'adi da manufa, shekara biyu ko uku, don fili ko don jari, ya kuma ajiye wani abu daga kowace tafiya tun kafin ya shiga gari, domin kuɗin hanya suna da saurin narkewa. Wanda ya zaɓi kusa da gida ya riƙe gona ko wata ƴar sana'a a gefe, ya kuma kula da sunansa, domin a wannan aiki shaidar mutane ce ke kai direba ga mota mai kyau.

Ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci da ma'aikatar sufuri suna zama teburi ɗaya idan maganar farashin dako ko ta gazuwal ta taso. Lokaci ya yi da za a sa kwanakin jira da kwanakin gida cikin abin da ake tattaunawa, a rubuta su, kowa ya sa hannu. Samarin da ke kwance ƙarƙashin motoci a Dosso da Tasawa su ne za su ɗauko abincin ƙasar nan shekaru ashirin masu zuwa, idan sana'ar ta bar su suka riƙe gidajensu. Allah ya kiyaye hanya, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya.